Yadda jita ta ɗaga murya a Arlit

Duk wanda ya san bikin aure a Arlit ko Akokan ya san injin wuta ne ke fara magana kafin makaɗi. A shimfiɗa tabarmi da dardumomi a fili, a ja waya, a ɗora amfilifaya kan kujera, wadda makaɗan nan ke taƙaitawa su ce ampili, sannan samari masu rawani su rataya jita biyu ko uku, mai ganguna ya zauna bayansu, kiɗa ya tashi har a jiyo shi daga wata unguwa. Wannan sautin ne ya kai sunan Abzin Turai da Amurka, kuma saboda kunne ya saba da shi, da yawa suna ɗauka haka kiɗan ya faro. Alhali jitar Abzinawa ta yi shekaru fiye da goma tana magana ƙasa-ƙasa, a gindin wutar shayi, ga mutum biyar ko goma da suka yarda da juna. Abin da ya sa ta ɗaga murya shi ne taron da ke gabanta ya sauya, kuma larurar wannan sabon taro ce ta zaɓi irin jitar da za ta rayu a ƙasar nan. A wannan zaɓe jita mai tsirkiyar nailan, wadda makarantun kiɗa na Turai ke ɗauka uwar jita, ta sha kaye. Dalilin kayen nata yana cikin tsirkiyar kanta, yana kuma cikin tarihin garuruwan da yuraniyom ya haifa.

Jitar da ba ta da wuta, wadda masu jin Faransanci ke kira busasshiyar jita, akwati ce ta katako mai rami. Tsirkiya ita kaɗai ba ta iya tura iska sosai, don siririya ce. Sai ta miƙa girgizarta ga jaki, jaki ya miƙa wa fuskar akwatin, fuskar ta tura iska, kamar dai yadda fatar molo ko ta garaya ke yi. Duk ƙarfin sautin daga yatsan makaɗi ya fito, babu ƙari daga ko'ina. Siffar jitar Sifen da aka sani yau wani masassaƙi ne, Antonio de Torres, ya daidaita ta a ƙarni na 19, kuma siraran tsirkiyoyinta na hanjin dabba ne har bayan Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da Albert Augustine a New York, da ƙarfafawar makaɗi Andrés Segovia, ya fara yin su da nailan na kamfanin DuPont. Nailan yana da murya mai taushi, amma jan da yake yi wa katako kusan rabin na tsirkiyar ƙarfe ne. An ƙera wannan jita domin ɗaki mai garu da rufi, inda sauti ke dukan bango ya dawo, masu sauraro kuma suna zaune tsit. A fili babu abin da zai dawo da shi. Rairayi ya shanye, iska ta kwashe, kuma duk lokacin da nisa ya ninka, ƙarfinsa kan ragu zuwa kashi ɗaya cikin huɗu. Ƙara da tafi da guɗa da takun masu rawa, sai a wayi gari ana ganin yatsun makaɗi suna motsi ba a jin abin da suke faɗa.

Wanda ke son a ji irin wannan jita daga nesa, abu mafi sauƙi shi ne ya kafa makirufo gaban raminta. Makirufo yana kama murya yadda take, amma kunne ne marar zaɓi: ya ji jita, ya ji ganga, ya ji iskar hunturu, ya kuma ji lasifikar da shi kansa yake ciyarwa. Da zarar an murɗa ƙara, sautin lasifika ya koma cikin makirufo da cikin ramin akwatin, ya sake fita, ya sake dawowa, sai wannan kuwwa mai tsaga kunne ta tashi, wadda duk mai halartar wa'azi ko taron siyasa ya sani. Makaɗin kuma dole ya zauna wuri guda kamar an kafe shi, don taku ɗaya zai fitar da shi daga bakin makirufo. Hanya ta biyu ita ce maɗaukin sauti mai mannewa, ɗan faifai da ake liƙa wa fuskar jita ko a saka ƙarƙashin jaki, wanda ke juya girgizar katako ta zama wutar lantarki. Wannan ba ruwansa da irin tsirkiya, nailan ce ko ƙarfe ko izgar doki. Aibinsa shi ne yana jin gogar hannu da ƙwanƙwasar farce, muryarsa kuma kan fito siririya mai kaushi in ba a haɗa shi da wata ƙaramar na'ura mai batir da ke daidaita wutarsa kafin ta isa ampili ba. Hanya ta uku ita ce ta mamaye duniya: maganaɗisu da aka naɗe da siririyar wayar tagulla dubban zagaye, aka ajiye ƙarƙashin tsirkiyoyi. Tsirkiyar ƙarfe na kaɗawa a samansa, wuta na tasowa cikin naɗin wayar. Ba ya jin iska, ba ya jin ganga, ba ya buƙatar batir, ba ya ma buƙatar akwati mai rami, shi ya sa Leo Fender ya iya ɗora shi kan dunƙulen katako a farkon shekarun 1950. Sharaɗinsa guda ne, tsirkiya ta zama ƙarfen da maganaɗisu ke ja. Nailan ba ya amsa masa ko kaɗan, har kauraran tsirkiyoyi uku na jitar Sifen, waɗanda ke ƙyalli kamar ƙarfe, zaren nailan ne da aka naɗe da tagulla mai ruwan azurfa, maganaɗisu bai san da su ba.

Akwai wani ɗan abin mamaki game da maɗauki mai mannewa da ya dace a faɗa wa mutanen Arlit. Ilimin da yake aiki da shi, wato cewa wasu duwatsu masu ƙyalli suna fitar da wuta in an matse su, 'yan'uwa biyu ne Faransawa, Pierre da Jacques Curie, suka gano shi a 1880, kuma da ma'aunin da suka ƙera bisa wannan ilimi ne Marie Curie ta auna hasken da ke fita daga yuraniyom a 1898. Wato dutsen da ya kafa garin da ɗan faifan da ake manna wa jita sun taɓa zama kan tebur guda a Paris. Amma a ƙasashen Yamma ma an daɗe kafin a shawo kan matsalar nailan. Segovia ya ƙi yarda a sa masa lasifika, ya gwammace dubban mutane su riƙe numfashi. Mawaƙin Amurka Willie Nelson ya samu mafita a 1969 da ya sa aka dasa maɗaukin kamfanin Baldwin cikin jitarsa ta Martin mai nailan, kamfanin Gibson kuma sai a 1982 ya fitar da jitar nailan marar rami da sunan Chet Atkins domin kashe kuwwa. Duk waɗannan kaya ne masu tsada, na masu injiniyan sauti. Ba su ne za su bi hanyar Tamanrasset cikin kayan ɗan ci-rani ba.

Ɗan ci-ranin nan shi ne tushen labarin. Farin 1973 zuwa 1974, da wanda ya biyo baya a 1984, sun kashe dabbobin makiyayan Abzin da Azawak da Adag na Mali, samari suka kwarara Aljeriya da Libiya neman aiki. Aka laƙaba musu suna ishumar, daga kalmar Faransanci mai nufin marar aikin yi, suka karɓi sunan suka mai da shi tuta. A cikinsu ne, tsakanin ƙarshen shekarun 1970 da farkon 1980, Ibrahim ag Alhabib da abokansa suka haɗa ƙungiyar da ta zama Tinariwen, suka ɗora waƙoƙin kewa da na kiran 'yan'uwa kan jita. A ɓangaren Nijar, Abdallah ag Oumbadougou, haifaffen yankin Agadas a 1962, shi ne ya zama jigo, da ƙungiyarsa Takrist n'Akal. Kiɗan wannan zamani ba ya neman ƙara, gudunta ma yake yi. Bayan kisan Cintabaraden a watan Mayu 1990 da tawayen da ya biyo baya, samun kaset ɗin waɗannan waƙoƙi a hannun mutum na iya jawo masa kamu. Abin da ya yi wa jitar aikin lasifika a lokacin shi ne rediyo mai kaset: a ajiye shi gaban makaɗi, a danna, gobe a kwafa, jibi kwafin ya haifi wani kwafin, har ya isa rugar da makaɗin bai taɓa takawa ba. Murya ɗaya marar ƙarfi ta riƙa isa kunnuwa dubbai, amma goma-goma, cikin sirri. Ga wannan aiki kowace busasshiyar jita ta wadatar, don tazarar da ke tsakanin tsirkiya da makirufon rediyon ba ta wuce kamu biyu ba.

A daidai shekarun da makiyaya ke rasa dabbobinsu, wani sabon gari yana tasowa a yammacin duwatsun Abzin, kimanin kilomita 240 arewa da Agadas, a wurin da da babu kasuwa babu ganuwa. An kafa kamfanin SOMAÏR a 1968, aka fara gina Arlit a 1969, yuraniyom na farko ya fito a 1971. COMINAK ya biyo a 1974, ya haƙa ramin ƙarƙashin ƙasa a Akuta, ya fara fitar da kaya a 1978, garin Akokan ya tsiro kusa da shi. Wajen ƙarshen shekarun 1970 aka shimfiɗa kwaltar da ta taso daga Tawa ta bi Agadas zuwa Arlit, fiye da kilomita 600, wadda har yau ake kira hanyar yuraniyom. Domin ciyar da ma'adinan da wuta aka kafa SONICHAR, mai ƙona kwal a kusa da Cirozerin, injunanta suka tashi a farkon shekarun 1980. Garin ya tara Hausawa da Zabarmawa da Barebari da Abzinawa da Larabawa, da baƙi daga Binin da Togo da Gana, da Faransawa masu shagunansu da wuraren shaƙatawarsu, har aka yi masa kirari da Paris ta biyu, sunan da Idrissou Mora-Kpai ya ɗauka ya sa wa fim ɗinsa kan garin, cikin ba'a mai ɗaci, bayan kasuwar yuraniyom ta faɗi.

Kada a yi wa wannan wuta kallon alheri da ya game kowa. Unguwannin kamfani na da ita dare da rana; a kewayensu kuwa makiyayan da fari ya koro da masu neman aikin da bai samu ba suka kafa matsugunan da ake kira Bukoki, sunan da duk Bahaushe ya san daga bukka ya fito, inda fitilar kananzir ke ci a ƙarƙashin hasken wayoyin da suka wuce ta sama. To amma ko a haka, gari mai ma'adini yana da wasu abubuwa da ruga ba ta da su, kuma su ne kiɗa mai lantarki ke ci. Akwai albashi ƙarshen wata, wanda ke sa ango ya iya biyan makaɗa da mai injin wuta. Akwai masu gyaran rediyo da masu aikin lantarki da suka san dalma da waya, waɗanda za su iya farfaɗo da ampilin da zafi ya ƙona. Akwai batirin mota a kowane gareji. Akwai hanyar Assamaka zuwa Tamanrasset, wadda ta ita kayan Aljeriya ke shigowa, da hanyar kudu da ke kawo kayan Kano da Kwatano. Akwai kuma, fiye da komai, taron da ba na dangi ɗaya ba, mutanen da rabinsu ba su jin Tamashek, waɗanda ba za su yi shiru domin su bi ma'anar baiti ba, amma za su tashi in kiɗan ya ratsa su.

Ƙofar ta buɗe ne da yarjejeniyar zaman lafiya ta 24 ga Afrilu 1995, ranar da Nijar ke tunawa da ita kowace shekara. Makaɗan da suka yi gudun hijira ko suka shiga dutse suka dawo gida, abin da da ake saurare a ɓoye ya fito tsakiyar gari. A shekarar ce Abdallah ya ɗauki faifansa Anou Malane a ɗakin ɗaukar sauti a Binin, da jitar lantarki da injin ganga, abin da ya yi nisa ƙwarai da kaset ɗin gindin itace. Waƙar tawaye ta zama kiɗan biki, na suna, na tarbar baƙi da na yaƙin neman zaɓe, kuma kowane ɗaya daga waɗannan a fili ake yinsa. Tarihin ƙungiyar Etran de L'Aïr ta Agadas, wadda 'yan gida ɗaya suka kafa a 1995, ya adana mana tsanin da aka taka ɗaya bayan ɗaya. Sun fara zuwa bukukuwa da busasshiyar jita guda da ƙwaryar da suke duka da takalmi. Daga baya suka manna wa jitar maɗaukin sauti. Sannan suka samu jitar lantarki, ganguna suka zo a ƙarshe. Matakin tsakiyan nan shi ne hujja mafi ƙarfi. Wanda ke son kama da taurarin Turai ba ya farawa da liƙa ɗan faifai a jikin tsohuwar akwati. Mai yin haka mutum ne da ake biyansa domin a ji shi, ba a kuwa jinsa. Kuma da ganguna suka shigo, ɗan faifan ma ya kasa, don akwati mai rami ba ta iya ja da ganguna ba tare da kuwwa ba. Faifan Group Bombino da aka fitar a 2009 cikin jerin Guitars from Agadez ya ajiye zamanin biyu gefe da gefe, fuska ɗaya busasshiyar jita, ɗayar ta lantarki a gaban taro.

A Arlit ne wani yaro bahago, Mahamadou Souleymane, wanda duniya ta sani da Mdou Moctar, ya ga Abdallah yana kiɗa a fili, abin ya shiga ransa. Gidansu ba su yarda da kiɗa ba, kuɗin jita kuma babu, sai ya sassaƙa tasa da katako, ya ɗaura mata wayar burkin keke, ya yi maɗauran tsirkiya da mabuɗan gwangwanin kifi. Ibrahim na Tinariwen ma da gwangwani da sanda da wayar keke ya fara, shekaru da yawa kafin haka, kuma wanda ya san kuntigin Ɗan Maraya Jos, mai jikin gwangwanin kifi, ba zai ga baƙon abu a nan ba. Abin lura shi ne wayar burki ƙarfe ce. Yatsun da suka koyi kiɗa a kanta sun saba da tsirkiya mai tauri da amo, salon da suka gina kuma ya dogara da ita: babban yatsa na riƙe da kakkaurar tsirkiya ɗaya yana maimaitawa kamar gindin molo, manuni na fizgar siraran, hannun da ke kan wuya na dukan tsirkiya yana saki da sauri domin fitar da ƙananan adon da kunne ya gada daga tahardant da imzad, wato molo da gogen Abzinawa. Waɗannan ƙananan ado su ne farkon abin da ke ɓacewa a kan nailan in an fita fili, su ne kuma maganaɗisu ke ɗagawa sama. Ga yanayin ƙasa ya ƙara nasa hukunci. A garin da zafi ke wuce digiri 40 watanni da dama, ruwan sama kuma ɗan kaɗan ne, nailan na saki ya ɓata saiti, siririn katakon jitar Sifen na bushewa ya tsage, in kuma aka yi gangancin ɗaura mata tsirkiyar ƙarfe, wuyanta ya lanƙwashe ko jakinta ya ɓalle. Dunƙulen katako mai wuyan da aka ɗaure da kusoshi yana jure bayan Toyota da ƙurar hanya.

Duk da haka akwai nailan da aka ƙara wa ƙarfi a Sahel, sai dai ba a jikin jita yake ba. Tahardant, molon Abzinawa mai tsirkiya uku, yau da zaren kamun kifi na nailan ake ɗaure shi, kamar yawancin 'yan'uwansa daga Senegal zuwa Cadi. Makaɗan takamba, kiɗan da ya taso daga yankin Gao ya bazu har Nijar, sun daɗe suna manna masa maɗauki, su haɗa da ƙaramin ampili da batirin mota da lasifika, su murɗa har ƙarshe. Abin da ke fita murya ce mai ƙara da gurnani, wadda ba ta yi kama da ta molon da babu wuta ba, kuma babu wanda ya nemi ta yi kama da shi. A nan bambancin yake. Makaɗin jitar Sifen a zauren Madrid yana son na'ura ta ɓuya, mai sauraro ya ji kamar babu ita, shi ya sa aikin ke da wuya da tsada. Makaɗin takamba ya karɓi muryar na'urar a matsayin wani ɓangare na kayan kiɗansa, kamar yadda kakanninsa suka ɗaura wa molo ƙananan ƙarafa masu kaɗawa domin su ƙara masa ƙaiƙayi. Kunnen Afirka ta Yamma ya daɗe da son sauti mai ɗan yashi a ciki. Haka Konono N°1 suka yi a Kinshasa, inda suka naɗa nasu maɗaukan da maganaɗisun tsofaffin motoci domin a ji su cikin hayaniyar birni. Saboda haka da ƙananan ampili suka fara shaƙewa a bukukuwan Arlit da Agadas, don an tilasta musu aikin da ya fi ƙarfinsu, shaƙewar ba ta zama aibi ba. Ta zama abin da matasa ke nema da gangan.

Mai musu zai ce duk wannan kewaye ne, gaskiyar magana samarin sun ga Jimi Hendrix da Mark Knopfler ne suka kwaikwaya. Akwai gaskiya a ciki, kuma Bombino da kansa, mai Group Bombino, ya sha faɗin cewa ya kalli bidiyon mutanen biyu lokacin yana gudun hijira. Amma kwaikwayo yana bayyana yadda mutum ke riƙe jita ko yadda yake jan dogon amo. Ba ya bayyana dalilin da ya sa dukan ƙasa ta sauya kayan aiki cikin 'yan shekaru bayan 1995, har da ƙungiyoyin unguwa da ba su da talabijin. Ba ya kuma bayyana abin da ya sa ginin kiɗan bai sauya ba: har yanzu a kan gindi ɗaya ake zagayawa, mai waƙa ya bayar 'yan amshi su karɓa, tafi na tafiya irin na tende, gangar matan Abzinawa. Mdou Moctar ya riga ya yi suna a bukukuwa kafin ya ga Eddie Van Halen a intanet, faifansa na farko ma, Anar, a Sakkwato ya ɗauke shi a 2008, da injin ganga da gyaran murya irin na waƙoƙin finafinan Hausa. In ana neman wanda ya fara yi masa tasiri ta fuskar na'ura, kudu ya kamata a duba kafin a haye teku. Haka nan batun cewa kamfanonin waje ne suka ƙirƙiro sautin. Sublime Frequencies da Sahel Sounds sun zo sun tarar da shi ne yana yawo daga hannun wannan zuwa na wancan. Sun ɗauka, sun sayar, sun kawo jitoci masu kyau, amma bikin da suka ɗauka ba domin su aka shirya shi ba.

Musu na biyu ya fi nauyi: ai Agadas ce cibiyar wannan kiɗa, me ya kawo Arlit? Gaskiya ne manyan ƙungiyoyin a Agadas suka zauna, can ne fadar Sarkin Abzin, can masu yawon buɗe ido ke sauka, can kuma Bombino ya yi babban wasansa a gindin hasumiyar masallaci a Janairu 2010 bayan tawaye na biyu, wanda a cikinsa jita ta sake zama abin tuhuma har aka kashe biyu daga abokan kiɗansa. Ba na cewa Arlit ta ƙwace wannan matsayi. Abin da nake cewa shi ne wutar da Agadas ke kunna ampili da ita daga tashar da aka gina domin ma'adinan Arlit take zuwa, kwaltar da makaɗa ke bi domin motocin yuraniyom aka shimfiɗa ta, kuma koken da ke cikin waƙoƙin, na ƙasar da ake haƙa ana fita da dukiyarta ana barin mutanenta cikin duhu, hoton Arlit ne. Abdallah kansa ya ga muhimmancin garin, shi ya sa a nan ya buɗe makarantar koyon kiɗa a 2000, kafin ta Agadas. Akwai wani abu mai ɗaci a ciki da ba a cika faɗi ba: kiɗan da ya fi kowane zargin ma'adinin ya yi murya ne da ragowar wutar ma'adinin.

Musun da ba ni da cikakkiyar amsarsa shi ne na asarar da aka yi. Dattawan da suka saurari kaset ɗin farko suna cewa da kalmomi ne a gaba, jita na bin su; yanzu ganguna da amo sun danne baiti, matasa na rawa da waƙar makoki ba su sani ba. Akwai kuma batun mata. A al'adar Abzinawa su ne masu imzad, gogen nan mai tsirkiyar izgar doki da UNESCO ta sa cikin gadon duniya a 2013, su ne kuma masu tende, turmin da ake rufewa da fatar akuya ya zama ganga. Waɗannan ba su buƙatar komai sai abin da ke cikin gida. Kiɗan lantarki kuwa jari yake ci, jita da ampili da waya da man injin, kuma da ya mamaye filin biki, filin ya koma hannun maza masu kayan aiki. Fatou Seidi Ghali ta Les Filles de Illighadad ta yi suna ne daidai saboda irinta ba su da yawa, faifansu na farko a 2016 kuma a ƙauyen da babu lantarki aka ɗauke shi, rabi busasshiyar jita rabi tende. Abin da za a iya cewa kawai shi ne tsohuwar muryar ba ta mutu ba, ta sauya mazauni ne. Tinariwen sun koma busassun jitoci a faifan Tassili, wanda suka ɗauka a hamadar kusa da Janet ya kuma ci kyautar Grammy a 2012, Mdou Moctar ma ya sake ɗaukar waƙoƙin Funeral for Justice ba tare da jitar lantarki a gaba ba, a New York, lokacin da juyin mulkin Yuli 2023 ya hana ƙungiyarsa komawa gida. Sai dai duka biyun da makirufo masu tsada da injiniyoyi aka yi su. Kiɗa marar ƙara, wanda da shi ne rabon wanda ba shi da komai, yanzu sai mai halin ɗaukar ɗakin sauti ke iya kai shi nesa.

COMINAK ta rufe raminta a 31 ga Maris 2021, ɗaruruwan ma'aikata da masu kwangila suka rasa albashin da ke biyan makaɗa, gwamnatin Nijar kuma ta mayar da SOMAÏR hannunta a Yuni 2025. Abdallah ag Oumbadougou bai ga ko ɗaya ba, ya rasu a Agadas a Janairu 2020. A kasuwannin arewa yanzu ana sayar da faifan hasken rana da lasifikoki 'yan China masu caji, masu tayoyi kamar akwatin tafiya, da ramin makirufo da na jita a bayansu, kuma yaron Bukoki da ya samu aron jita yana iya jan ɗaya zuwa bayan gari ba tare da ya nemi wutar kowa ba.